Akwatin da Ba Ya Son Ruwa

A kan jaki aka kawo abin, an ɗaure shi da igiya, fari fat, yana ƙyalli cikin rana. Lali ne ke jan jakin, ya naɗe ƙafar wandonsa na 'yan birni saboda laka. Dattawan Faza, garin da ke kan tsibiri a bakin teku, da ke gyaran koma a gindin bango suka ɗago kai gaba ɗaya.

"Lali, firji ka kawo wa tsohonka?" in ji ɗaya daga cikinsu.

"Wane firji?" in ji Kombo, yana tofar da ruwan taba. "Karaga ce. Yau Nahoda zai hau mulki."

Kowa ya yi dariya ban da Famau, uban Lali, wanda ake kira Nahoda, wato shugaban jirgin ruwa. Yana zaune a kan gungumen kwakwa, sandarsa tsakanin gwiwoyinsa, idonsa a kan Subira, jahazinsa, jirgin katako mai tafiya da iska, da ke kwance a gefe guda kan yashi saboda ruwa ya ja. Tun kafin a haifi Lali yake tuƙa jirgin nan, kuma tun wancan lokacin Kombo yake mataimakinsa, yana yi masa biyayya a kan ruwa, yana yi masa tsiya a kan tudu.

Subira yana da makewayinsa irin na kowane jahazi: akwatin katako mai huji a ƙasa, yana reto a bayan jirgi, a saman ruwa. Mutum ya haura, ya tsuguna, igiya a hannu ɗaya, buta a ɗayan, teku ta ɗauke sauran. Famau bai taɓa ɗaukar wannan a bakin komai ba, sai ranar da ƙafarsa ta hagu ta mutu a ƙarƙashinsa yana tsakiyar haurawa. Da Kombo bai ji faɗuwarsa ba, da tuni an yi sadakar arba'in an manta. Likitan Mombasa ya ce shanyewar jiki ce ta taɓa shi ta saki. Ya kuma ja Lali gefe ya ce a sa ido, don irin wannan ciwo in ya bar ƙafa yakan koma kai, mutum ya fara mantuwa. Lali ya riƙe wannan maganar fiye da yadda ya riƙe maganin.

Shi dai so yake ya tafi da ubansa Mombasa, ya ajiye shi a ɗaki a hawa na sama, inda ba a ganin teku sai wayoyin lantarki da rufin kwano. Famau ya ce gara a haƙa rami a Faza a sa shi da ransa. Aka yi ta ja, har suka tsaya a kan farin akwatin nan, wanda Lali ya samo a wurin da yake aikin gyaran jiragen shaƙatawa na Turawa.

Da kafinta suka yi aikin. Suka buga ɗan ɗaki na katako a cikin cikin jirgin, wajen baya, dab da inda ake jibge kaya, suka sa masa ƙofa da sakata. Lali ya kafe akwatin da noti, ya ja bututu ya fitar da shi waje, ya haɗa ƙaramar fanka da faifan sola. Sannan ya jiƙa zaren ɓawon kwakwa ya matse shi sosai, ya barbaza a ciki, ya kira ubansa.

"Baba, duba. Nan gaba fitsari ke bi, ya sauka a jarka. Nan baya kuma, in ka buɗe wannan murfin, shi ne na babba."

Famau ya ɗaga kai yana kallon itacen tsakiyar jirgi. A ce yau ɗan da ya haifa ne ke nuna masa da yatsa inda zai yi bayan gida, a gaban Kombo, a gaban kafinta. Kunya ta kama shi har cikin ƙashi.

"In ka gama, ka juya wannan hannun, ya gauraya da ɓawon kwakwa. Fanka na busar da shi. Bayan wata biyu ko uku ya zama taki, ko wari babu. Doka ɗaya ce tal: ba ya son ruwa. Ko cikin cokali."

"To da me mutum zai yi tsarki?" in ji Kombo. "Da addu'a?"

"Ga daro nan a gefe. A rufe murfi, a matsa kan daro, a yi tsarki a can, a zubar a teku."

"Allah Sarki. Mutanen da ke goge jikinsu da takarda kamar masu naɗe soyayyen kifi, su ne za su koya mana zama."

Lali bai kula shi ba. Ya tsuguna a gaban ubansa, ya sassauta murya. "Baba, abu ɗaya na roƙe ka. In ka iya riƙe shi, na san kanka lafiya lau, na bar ka da jirginka. In ka kasa, ba za mu sake yin gardama ba. Ka yarda?"

"Na riƙe hanyar duwatsun Kiwayu a kaina ba fitila," in ji Famau. "Zan riƙe akwatinka."

Ya kuwa riƙe. Abin da ya fi ba shi haushi ma shi ne akwatin ya yi aiki. Ba wari, ba ƙuda, in ka buɗe sai ƙanshin ƙasa irin na bayan ruwan farko. Kullum da safe yakan sauka da sandarsa, ya rufe ƙofa, ya yi komai bi da bi yadda aka nuna masa, ya ja matacciyar ƙafarsa zuwa kan daro, ya fito da daron da kansa ya zubar, don ya rantse ba mai ɗaukar masa shi. In aka ji ƙarar hannun yana juyawa, Kombo yakan ce da 'yan'uwansa biyu da ke aiki a jirgin, "Ku yi shiru, Nahoda na niƙa." Su ukun ba sa shiga ɗakin. Na Nahoda ne, su suna nan da tsohon akwatinsu na baya.

Da farko abin ya tsaya masa a rai, a ce yana sallah a jirgin da ke ɗauke da ƙazantarsa. Ya tambayi limami, limami ya ce muddin inda ya shimfiɗa tabarma da tsarki, sallarsa ta yi. Ya karɓa. Abin da bai tambayi kowa ba shi ne tsoron da ke cinsa. Ran da ya nemi hularsa ya rasa, ashe tana kansa, sai da gumi ya keto masa. Yakan zauna a bakin sandar tuƙi yana jera sunayen tsibirai da na matattun nahodoji a zuci, yana gwada kansa, in suna ɗaya ya ɓace masa sai ya wuni ba ya cin abinci. Ya kuma san Lali na kiran Kombo a waya yana tambaya, kuma Kombo na cewa tsohon ya fi shi hankali.

Ana cikin lokacin kusi, iskar nan mai ƙarfi da ke kaɗowa daga kudu, wata mata da ake kira Bi Mwanaesha ta aiko tana neman jirgi. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya ɗaya, Riziki, ga shi za a aurar da ita ga wani babban gida na Faza, irin gidan da ke auna surukai da ido. Ta tafi Lamu da 'yan'uwanta mata sun yi sayayyar biki: buhunan shinkafa da na fulawa da sukari, jarkokin mai, gado, katifa. Jiragen inji ba sa ɗaukar irin wannan kaya. A can Lamu aka loda wa Subira tun da asuba, buhuna a ƙasa, gado a sama, matan suka zauna a kan katifa a ƙarƙashin rumfa, sun kai goma sha wani abu, har da wata tsohuwa tukuf, goggon Mwanaesha.

Iska ta yaudare su. Kafin su kai mashigin Mkanda ta kwanta, ruwa kuma ya ja ya bar su a bakin mashigin, mikoko, itatuwan da ke tsirowa a cikin ruwan teku, hagu da dama, laka na tururi. Babu abin yi sai jiran ruwa ya dawo. Rana ta take. Matan suka yi tsit, leɓunansu a bushe, ga fulas ɗin shayi da ɗanyar kwakwa a cikin kwandunansu, ba wadda ta taɓa.

Haka matan tsibirai suke tafiya tun kakanni. Tun daren jiya mace ke daina shan ruwa, don ba macen da za ta haura akwatin baya ta tsuguna maza na kallon ƙeyarta. Famau ya san da haka kamar yadda kowa ya sani, wato bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa ba. Marigayiya matarsa Time takan sauka daga jirginsa da ciwon kai, ba ta magana da kowa, shi kuwa duk zamansu yana cewa ba ta son teku ne.

Wajen azahar Mwanaesha ta taso, ta tsaya nesa kaɗan da shi, ta ja mayafinta.

"Nahoda, sannu da aiki."

"Sannu, Bi Mwanaesha. Ku yi haƙuri, ruwa na hanya."

"Ba komai, na Allah ne." Ta mai da ido kan laka. "An ce jirginka yana da ɗaki mai ƙofa."

"Akwai."

"Goggo ce. Ka san jikin tsufa."

"Jirgin naku ne," in ji Famau.

Ta juya za ta tafi, ya ce, "Bi Mwanaesha." Ta tsaya. Maganar tana bakinsa, gajeriya ce, yaro ma zai iya faɗinta. Amma ta ina zai fara? Namiji, ba muharraminta ba, ya dubi matar marigayi abokinsa ya gaya mata inda za ta tsuguna da inda za ta zuba ruwan tsarki? Ko Time, da suka haifi 'ya'ya tare, bai taɓa yin irin wannan magana da ita ba.

"Na'am, Nahoda?"

"Matakalar tana da santsi," in ji shi. "A riƙe ta da kyau."

Ya bi su da ido, ita da tsohuwar, buta a hannunta. Ƙofa ta rufu. Jim kaɗan ya ji sautin da kowane Musulmi ya sani, sautin ruwan buta, yana sauka a inda bai kamata ba.

Kombo ya matso yana raɗa. "Ka gaya musu?"

"Kai je ka gaya musu."

"Ni? Mwanaesha yayar matata ce! Ka ce in faɗa bakin kifin shark mai cin mutum, zan faɗa. Wannan kam a'a."

"To rufe mini baki. Buta ɗaya ce, ɓawon kwakwa zai shanye."

Da buta ɗaya ce da ya shanye. Tsohuwar ta fito fuskarta a sake, ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, waccan ta raɗa wa ta gaba. Sai ga wata ta tashi tana gyara zane, sai wata. Can sai Famau ya ji an buɗe fulas. Aka fasa kwakwa, aka fito da mahamri, fankensu mai kwakwa, kofi na zagayawa hannu zuwa hannu. Wata ta ce rabonta da shan shayi a kan teku tun tana goye. Wata ta ce Allah ya yi wa ɗan Nahoda albarka, ya kamata a ba shi mata ta biyu kyauta. Suka kwashe da dariya, suka fara waƙar biki suna kiɗa da murfin tukunya, har tsohuwar na kaɗa kafaɗa. Ana sha ana sauka, ana cika buta a duron ruwan daɗi ana sake sauka.

Famau yana zaune, kowace buta yana jin saukarta a cikinsa. Sau biyu ya yunƙura zai je ya duba ya kwashe, sau biyu ya tarar da mace tsaye a bakin ƙofar tana jiran ta ciki, ya koma ya zauna. Ya dube su suna dariya da jiƙaƙƙun leɓuna, ya tuna Time. Ya san abin da ke taruwa a ƙarƙashin ƙafarsa, kuma ya san ba zai iya hana su ba.

Ruwa ya dawo, iska ta biyo shi da ƙarfinta. Suka ɗaga tanga, babban ƙyallen da iska ke tura jirgi da shi, ya cika ya yi ƙara, Subira ya ratsa mashigin ya fito fili inda teku ke shigowa kai tsaye. Nan ne kusi ke nuna halinta. Igiyar ruwa ta taso musu daga dama, jirgin ya kwanta a gefe, mata suka bar waƙa suka kama salati. Famau ya manta da ƙafarsa. Ya rungumi sandar tuƙi, yana karanta kowace igiya tun tana nesa, yana ba ta kafaɗa, yana daka wa su Kombo tsawa suna gudu. Rabon da ya ji jininsa na gudu haka tun kafin ciwon.

Suna gab da shiga inuwar tsibiri wata babbar igiya ta ɗaga su ta buga. Wani abu ya yi ƙara a ƙasa. Ba a jima ba warin ya taso.

Kombo ya sauka ya leƙa, ya daɗe bai fito ba. Da ya fito bai yi wasa ba, kuma Famau bai taɓa ganin fuskar Kombo babu wasa a cikinta ba sai ranar da suka binne Time.

"Ya cika har baki," in ji Kombo a hankali. "Nauyin ya ɓalle maƙalin, saman ya tashi. Duk ya bi ƙarƙashin buhuna."

"Shinkafar?"

"Layin ƙasa gaba ɗaya. Da fulawar."

Matan suka toshe hanci da mayafi, suna cewa lakar mikoko ce aka kwaso. Ba wanda ya gyara musu.

Rabin Faza na bakin gaɓa da suka iso, da ganga da guɗa. Dangin ango sun yi layi, uwar ango a gaba da zinariyarta. A bayanta kuma ga matan nan da ba a yin biki sai da su, masu ƙaga waƙa. Matan Faza in suka sami abu da la'asar, kafin isha ya zama waƙa, kuma waƙarsu ba ta tsufa. Akwai gidan da har yau ake kiran jikokinsa da abin da kakarsu ta yi a wani biki, ita kuwa ƙasa ta daɗe da cinye ta. Lali ma yana nan, ya zo daga Mombasa don bikin, yana ɗaga wa ubansa hannu.

Aka sauke mata, aka sauke gado da katifa, aka sauke buhunan sama. Da 'yan dako suka kai layin ƙasa, na farko ya ɗaga buhu ya sake shi, ya yi tsalle baya yana a'uziyya. Baƙin ruwa na ɗiga daga buhun. Ganga ta tsaya.

Lali ya faɗa cikin jirgin da takalmansa. Aka ji ya buɗe ƙofar, aka ji ya yi salati. Ya fito hannunsa a ɓace har gwiwa, ga shi dama mutum ne da ba ya iya magana a hankali in ransa ya ɓaci.

"Ruwa! An cika shi da ruwa! Wa ya yi tsarki a cikin akwatin nan? Na ce ba a zuba masa ruwa! Wa ya shiga ɗakin nan?"

Famau yana tsaye a bayan jirgi, ya dogara da sandarsa. Daga nan yana ganin kowa. Ya ga Mwanaesha a cikin 'yan'uwanta, ya ga lokacin da maganar ta isa gare ta. Bakinta ya ɗan buɗe. Kan butarta ya leƙo daga cikin kwando, ta ja gefen zanenta a hankali ta rufe shi. Ya ga Riziki, amaryar, a bayan uwarta, lalle bai gama bushewa a hannunta ba. Ya ga uwar ango ta juya tana duban dangin amarya ɗaya bayan ɗaya, masu waƙa kuma sun miƙa wuya. Bai sha wahalar hango waƙar ba: gidan da suka jiƙa shinkafar bikin 'yarsu da ruwan tsarkinsu. Riziki za ta tsufa da ita, 'ya'yanta su gada.

Kombo ya buɗe baki. "Lali, ka ga, abin da ya faru..."

"Kombo," in ji Famau, da muryar da yake ba da umarni a kan ruwa. Kombo ya yi shiru, 'yan'uwansa suka sunkuyar da kai.

"Ba mai shiga ɗakin nan sai ni," in ji Famau. "Kowa ya sani."

"Baba, ruwan nan ya fi ƙarfin yini ɗaya na mutum ɗaya. Tun yaushe kake zubawa?"

Da akwai amsoshi da yawa da mutum zai iya bayarwa ya tsira da wani abu. Zai iya cewa ya gaji da dokar Bature, ya yi da gangan, a ce masa mai taurin kai. Amma mai taurin kai ba ya ajiye kayan bikin marainiya a gefen abin da ya san ya cika, kuma Lali zai ci gaba da tambaya, uwar ango kuma tana ci gaba da kallo. Amsa ɗaya ce za ta rufe bakin kowa, kuma ya san kuɗinta.

"Ban tuna ba," in ji Famau.

Ya ga fushin ya zube daga fuskar ɗansa, tausayi ya maye gurbinsa. Da fushin ya tsaya da ya fi masa sauƙi.

"Shi ke nan, Baba," in ji Lali a hankali. "Ba komai. Zo mu tafi gida." Ya juya ga jama'a ya ce a yi haƙuri, tsufa ne, shi zai sake sayo duk abin da ya ɓaci, gobe jirgin inji zai kawo. Mutane suka yi ta girgiza kai suna Allah Sarki, Nahoda Famau guda. Uwar ango ta ce ai babu komai, kowa zai je can. Wasu samari biyu suka kama shi ta hammata suka sauke shi daga jirginsa, bai roƙe su ba.

Bayan magariba Kombo ya same shi a ƙofar gida, ya zauna a ƙasa kusa da shi.

"Bari in gaya wa yaron nan shi kaɗai. Wallahi ba wanda zai ji."

"Lali ba ya kwana da magana, sai ya gaya wa matarsa. Matarsa kuwa 'yar wa ce?"

Kombo ya san matar Lali ɗiyar ƙanwar uwar ango ce.

"To bayan biki. Bayan shekara."

"Waƙar tana jiran shekara goma ma. Ka rantse mini, kai da 'yan'uwanka."

"Nahoda, jirginka ne fa."

"Na san ko jirgin wa ne. Rantse."

Kombo ya rantse, yana kuka kamar ba shi ne mai tsiyar Faza ba.

Aka yi biki, aka ci pilau, shinkafarsu dafa-duka, aka kai amarya. Waƙar ma ta fito, tun kafin a ɗaura aure, a kan tsohon nahodan da ya manta bambancin teku da tukunya. Tana da daɗin amshi, har 'yan dako na yin ta a bakin gaɓa. Famau ya ji ta ta taga. Da ya fita masallaci sai ya lura mutane sun fara yi masa magana da ƙarfi, suna gaya masa sunayensu kafin su gaishe shi. Limami ya ce ya riƙa sallah a zaune a gefe, kada ya wahalar da kansa. Sau ɗaya ya yi kiciɓis da Mwanaesha a wani lungu da ba ya ɗaukar mutum biyu. Ta tsaya, ta manna bayanta da bango, ta ja mayafi ta rufe fuskarta duka. Ya ga kafaɗunta na rawa. Ya ja ƙafarsa ya wuce.

Ranar tafiya Mombasa Lali ya ɗauki jakar ubansa, ya zaunar da shi a tsakiyar jirgin inji, tsakanin wata mata mai kaji da wani ɗan kasuwa, ya sa masa rigar ceto ya ɗaure masa igiyarta da kansa. Subira na kwance a kan yashi, an wanke cikinsa an bar shi a buɗe yana shan rana, an naɗe tanga an kai gidan Kombo. Wani mai otal a Lamu ya riga ya aiko yana tambaya ko za a sayar da jirgin. Kombo bai zo rakiya ba, ya aiko a ce zazzaɓi yake yi.

Inji ya tashi. Lali ya ga ubansa ya ƙura wa gaɓa ido, ya so ya faranta masa rai. Ya sunkuyo dab da kunnensa, ya ɗaga murya, yana raba kalmomin ɗaya-ɗaya.

"Baba, a gidana akwai famfo a cikin banɗaki. Ruwa sai ka ture. Ka zuba iya son ranka, ba mai ce maka komai. Ka ji?"

"Na ji."

"Me na ce?"

Mai kajin ta juyo tana kallo, ɗan kasuwar ma haka. Famau ya dubi hannuwansa a kan sandar.

"Ka ce akwai ruwa," in ji shi.

"Yawwa, Baba!" Lali ya dafa gwiwarsa, ya yi murmushi ga fasinjojin. "Kun gani? Yau da sauƙi."

Jirgin ya sha kwana, mikoko ya rufe Faza.